Yadda Baturen Iri Ya Shiga Sahun Marasa Ƙarfi

A duk shekarun da na yi ina kula da gidan baƙi na kamfanin nan, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce Larabar da muka loda kayan wutar Mista Pita a bayan a-kori-kura, muka ratsa da su ta tsakiyar kasuwar garinmu da rana tsaka. Ku da kuka kama aiki a bayana kun sha jin direbobi suna tsokanata da maganar, kowa da irin gishirin da yake ƙara mata. Gara ku ji ta daga bakina, don duk wanda aka danƙa wa gida da baƙo a cikinsa zai iya yin kuskuren da na yi.

A lokacin ina cikin shekarata ta biyu da ɗaukata aiki. Kamfani yana raba wa manoman rani na yankin Watari irin shinkafa su shuka, idan an yi girbi ya saye abin da suka samu, ya gyara ya sayar a matsayin iri. Mista Pita shi ne masanin da aka ɗauko daga ƙasarsu don ya riƙa duba gonakin, shi ya sa mutanen gari suka sa masa suna Baturen Iri. Ya iso a watan Janairu tare da matarsa, wadda muke kira Madam, aka sauke su a gidan kamfani da ke bakin garinmu, Kukar Bako. Ni ne mai kula da gida. Makullai a hannuna suke, ni ke cefane, ni ke kiran mai gyara, ni ke kai kuɗin wuta. Wanda ke sama da ni shi ne Manaja Kabiru, yana ofishin Kano, ba ya zuwa sai da dalili. Dokar kamfani kuwa ita ce, kamfanin ne zai biya haya da man ƙaramin janareto, wanda ba ya ɗaukar komai sai fitila da fanka da firiji, amma kuɗin wutar lantarki daga aljihun mai zama a gidan zai fito.

Sai na bayyana yadda ake biyan wuta a garinmu, don 'yan birni ba su san tsarin ba. Taransifoma ɗaya gare mu, mita ɗaya a jikinta. Ƙarshen wata masu wuta sukan kawo takarda guda ta gari gaba ɗaya, su miƙa wa kwamitin wuta, su koma abinsu. Kwamitin ne zai zauna ya raba wa gidaje. Shugabansa Alhaji Sabo, mai harkar hatsi a Dawanau. Sakatarensa Malam Bulus, tsohon malamin firamare, shi ya koyar da ni a aji huɗu, har yau kuma in na gan shi sai na gyara tsayuwa. Ba sa auna abin da gida ya sha, don ba su da abin aunawa. Kayan wutar da ke gidan suke ƙirgawa su sa mutum a sahu. Sahu na ɗaya na masu injin niƙa da walda da firiza ne. Na biyu masu talabijin da fanka. Na uku masu ƙwan fitila da cajin waya. Akwai kuma sahu na huɗu, na marasa ƙarfi, wato matan da mazajensu suka rasu, da tsofaffi, da wanda wata jarabawa ta sama. Su ba sa biyan ko sisi, gari ne ke ɗauke musu.

Mako guda da zuwan baƙin, Malam Bulus ya tsaya a bakin ƙofa da littafinsa a hammata. Ya ce shi ba zai shiga ɗakunan mutane yana leƙe-leƙe ba, in rubuto masa abin da ke gidan, kar in rage, kar in ƙara. Ni kuwa mutum ne da in na rufe ƙofa sai na dawo sau uku na taɓa kwaɗon. In aka ce mini kar in rage, ba na samun natsuwa sai na tabbata ban rage ba. Kwana uku na yi ina bin ɗakuna. Na rubuta na'urar sanyaya ɗaki guda huɗu, wadda kowa ke kira esi. Na rubuta hita biyu na ruwan wanka, firiji, firiza, injin wanki, murhun lantarki, butar shayi, dutsen guga, fanka shida, abin busar da gashin Madam, abin askin gemun maigida, har da burushin goge haƙori mai caji. Na kai takardar. Washegari da safe na sake komawa gidan Malam Bulus, saboda na tuna akwai ɗan ƙwan fitila a cikin firiji da ban sa ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya daɗe, sannan ya rubuta.

Da kwamiti ya zauna sai aka ga babu sahun da gidan ya shiga. Alhaji Sabo ya ce bai dace a jera babban baƙo a layi ɗaya da Ɗan'azumi mai walda ba, wannan raini ne ga mutumin da ya baro ƙasarsu ya zo garinmu. Aka buɗe masa sabon sahu a saman na ɗaya, shi kaɗai a ciki, aka yanka masa kason da ya fi albashina na wata biyu. Da zuciya ɗaya suka yi, a wajensu karramawa ce. Alhaji har ya ce in gaishe shi. Na kai gaisuwar, ban kai bayanin ba. Na ɗauka Bature ne, zai biya ko duba takardar bai yi ba.

Na Janairu ya biya shiru, don yana cikin hidimar sauka. Ƙarshen Fabrairu na miƙa masa 'yar takardar da Malam Bulus ke rubutawa da hannu ya buga mata hatimi. Ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce a ƙasarsu, inda ake ɗumama gida wata shida saboda sanyi, bai taɓa biyan irin wannan ba, balle nan da wutar takan zo ta gaisa ta tafi. Ya zaga bayan kicin yana neman abin da ke cin wutar, sai ya ci karo da wata tsohuwar mita a bango. Wanda ya gina gidan ne ya kafa ta, tana juyawa, amma ba wanda ya taɓa zuwa karanta ta. Ya share mata ƙura da hankicinsa, fuskarsa ta saki kamar ya haɗu da ɗan garinsu.

A nan ya kamata in ce masa mitar ado ce kawai. Maganar ta zo bakina. Amma na hango tambayar da za ta biyo baya, wato wa ya ba kwamiti lissafin kayan gidansa ba tare da ya tambaye shi ba. 'Ya'yana huɗu, ga mahaifiyata a hannuna, kuma a duk zuri'armu ni kaɗai ke da aikin albashi. Na ce a raina gobe zan faɗa masa, in ya huce. Goben nan ta ɗauki wata biyu.

Daga farkon Maris ya kafa doka, ya rubuta ya manna a ƙofar firiji. Ba a kunna esi. Ba a kunna hita, a ajiye bokiti a rana. Ƙwan fitila ɗaya a falo, wanda zai shiga ɗaki ya kashe na falo tukuna. Ya sa salatif ya liƙe makunnan da bai yarda a taɓa ba. Kowace safiya kafin ya tafi gona sai mu je bayan kicin, ya karanta lambar mita, ya rubuta a littafi, ni kuma in sa hannu a matsayin shaida. Ina sa hannun alhali na san shaidar banza nake yi. Lambar kuwa ta yi ta sauka, shi yana ta murna.

Kun san bazarar yankin nan. Ƙarfe goma na safe ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa. Ƙarshen Maris duk mai fanka a gari ya kunna tasa, masu firiza suna ta ƙanƙarar sayarwa, takardar gari ta hau, kason Bature ya hau tare da ita. Da ya gani sai ya ce lallai akwai inda wuta ke zurarewa, ya ƙara tsananta doka. Aka kwashe abin da ke firiza aka kashe ta. Aka daina amfani da injin wanki. Na kawo dutsen guga na gawayi daga gidana ina goge masa riguna a tsakar gida. Da rana in ya dawo sai su fito da kujeru gindin darbejiyar ƙofar gida, shi da singileti da jiƙaƙƙen tawul a ka, Madam da mahuci a hannu, masu wucewa suna gaishe su suna waiwaye. Ƙurajen zafi suka feso mata a wuya da hannuwa. Ta daina yi masa magana a teburin cin abinci, in tana son gishiri sai ta ce in gaya wa maigidana ya miƙo. Ni kuma abinci ya daina shiga mini. Matata ta yi ta tambaya ko zazzaɓi ne.

Ƙarshen Afrilu takardar ta fi ta Maris. A ranar na gan shi yana bin wayar da ta shigo gidan da ido, daga turke zuwa turke, har ya kai kwanar da ta nufi unguwarmu. Na gane abin da yake nema. Da ya dawo ya kira ni falo, Madam tana zaune a gefe tana shafa hoda a wuya. Hausarsa ba ta da yawa, Turancina ma haka, amma a ranar mun fahimci juna sarai.

"Malam Hamisu, ban ce kai ɓarawo ba ne," in ji shi. "Amma mita ta ce kaɗan, takarda ta ce da yawa, kuma kai ne a tsakaninsu."

Ya ce idan ta Mayu ba ta sauka ba zai rubuta wa Manaja a sauya masa mai kula da gida. Jin kalmar ɓarawo, ko da an ce ba a ce ba, shi ya kwance mini baki. Na durƙusa na zayyana komai, taransifoma, kwamiti, sahu, da takardar da na rubuta da hannuna. Madam ce ta fara magana. Ta tambaye ni, a hankali, ko da a ce sun kunna esi huɗun nan dare da rana tun Maris, kuɗin ɗaya ne? Na ce ɗaya ne, Madam. Ta tashi ta ɓare salatif ɗin da ke makunnin esin falo ta danna. Ba wuta a lokacin. Duk da haka ta ja kujera ta zauna a ƙarƙashinsa ta harɗe hannuwa.

Mista Pita mutum ne mai lissafi. Ya kaɗa biro, sannan ya ce tunda ƙirga ake yi, to a rage abin ƙirgawa. A cire kayan duka a kai sito na kamfani, kwamiti ya sake ƙirga. Maganar aikina kuma tana nan yadda ya faɗa, sai ya ga takarda ta sauka. Ya sa ranar Laraba, don ran nan ne motar gona ba ta da aiki. Madam ta ce in dai za a cire esi ita ma a cire ta, za ta koma wajen wata ƙawarta a Kano har sai mijinta ya dawo hayyacinsa, kuma motar da za ta ɗauki kayan ta rage mata hanya zuwa bakin titi.

Ranar da ya zaɓa ita ce matsalar. Laraba ce ranar kasuwarmu, hanyar sito kuma ta tsakiyarta ta bi. A wajenmu ba a fitar da kayan ɗakin magidanci da rana a buɗe sai in tashi zai yi daga gari, ko kuma ya karye an zo kwashewa. Na roƙe shi a bari sai Alhamis, ko a rufe kayan da tampol. Ya ce tampol yana gona, kuma shi ba abin da yake ɓoyewa, gara ma 'yan kwamitin su gani da idonsu. Wanda aka gama kamawa da ɓoye magana ba shi da bakin dagewa. Na je na kira mai gyara.

Haka aka yi. Mai gyara ya zo ya ciro esi huɗu ya bar ramuka a bango. Aka ɗora firiza, injin wanki, hita, murhu, har da firiji. Madam ta shiga gaba da akwatinta a cinya, ta sa baƙin tabarau, fuska ba walwala. Ni ina baya a tsaye na rungume esi kar ya zame. Cunkoso ya sa direba yake tafiya kamar mai rakiyar gawa. Tun daga rumfar masu tumatir hayaniyar kasuwa ta fara mutuwa. Mai nama ya ajiye wuƙa ya ce, "Hamisu, lafiya dai?" Na ce lafiya lau. Wata tsohuwa mai daddawa ta dubi kayan, ta dubi Madam, ta girgiza kai ta ce Allah ya mayar da alheri. Na ji 'yan acaɓa suna tayar da babura, na san kafin la'asar labarin ya isa har garin Makoda.

Asabar bayan la'asar kwamiti ya zauna a harabar firamare. Na kai sabuwar takarda: ƙwan fitila uku, fanka ɗaya, cajin waya biyu. Wannan karon ban ɓoye komai ba. Na ce kayan suna sito lafiyarsu ƙalau, Bature bai karye ba, kuɗin wuta ne kawai yake son ragewa, Madam kuma zafi ne ya kore ta. Alhaji Sabo ya saurare ni har na gama, idonsa ya ciko.

"Hamisu, rufin asirin da kake yi wa ubangidanka abu ne mai kyau, Allah ya ba ka lada. Amma mu ma muna da ido."

Ya shiga lissafo abin da gari ya gani. Wata biyu mutum yana zaman gindin bishiya da singileti. Ana yi masa guga da gawayi. Gida duhu sai ƙwan fitila ɗaya. Yanzu an kwashe kaya, mata ta kama gabanta. Ya ce shi ya san 'yan kasuwa da yawa da suka karye a Dawanau, kuma duk haka suke cewa, kayan suna sito. Malam Bulus ya ce bisa ƙirga sahu na biyu ya kamata a sa shi, saboda fanka. Alhaji ya ce a ji tsoron Allah, mutum ba dangi ba mata a ƙasar da ba tasa ba, a ce za a bi shi kuɗin fanka? Ɗan'azumi mai walda ya ɗaga hannu ya ce in an ɗauke wa Bature, kan su wa nauyin zai dawo. Aka yi masa caa, wani dattijo ya tuna masa shekarar da shagonsa ya ƙone gari ya ɗauke masa wata biyar. Ya sauke hannu. Malam Bulus ya buɗe shafin sahu na huɗu ya rubuta sunan Mista Pita a ƙarƙashin na Iya Talatu mai ƙuli-ƙuli.

Da na kai masa takardar da ba ko sisi a jikinta, ya kama hannuna da hannu biyu ya girgiza, ya ce aikina ya tsira. Na ce masa, maigida, wannan sahun na marasa ƙarfi ne, mutane sun ɗauka ka talauce. Ya yi dariya ya ce su kira shi duk abin da suka ga dama, shi dai ya ga amfanin tsari. Ya manna takardar a bango inda firiji yake a da.

Washegari kwanon tuwo ya iso daga gidan Alhaji Sabo, da miyar kuka da man shanu. Daga nan abin ya zama kullum. Wannan ya aiko da fura, wancan da ƙwan zabi, wata da mudun gero. Matan cocin su Malam Bulus suka kawo itacen girki suka jibge a ƙofar gida. Dattawa sukan zo bayan la'asar su zauna tare da shi a gindin darbejiya, ba mai cewa komai sai jefi-jefi wani ya ce haƙuri dai, duniya ce. Shi kuma ya ce na gode, na gode, yana washe baki. Ya ce mini bai taɓa ganin mutane masu son baƙo irin namu ba. Ya koyi cin tuwo da hannu, har kumatunsa suka fara cikowa. Ni kuwa ina wanke kwanonin ina mayarwa ina istigfari, don a ganina abincin mabuƙata ne yake shiga cikin wanda ba ya buƙata, kuma ta hannuna yake bi.

A gona ne abin ya fara ɓaci. Shinkafa ta kusa yanka. 'Yan ƙwadago suka ce sai an ba su kuɗinsu kafin su shiga fadama. Manoman da suka karɓi irin kamfani suka fara cewa kamfanin da ya kasa kunna wa Baturensa esi da me zai sayi shinkafarsu. Dillalai suka soma zagayen gonaki suna taya amfanin tun yana tsaye. In shinkafar nan ta tafi kasuwa, aikin shekara guda ya tafi. Labarin ya kai Kano ta bakin wani ɗan kasuwa da ya tare Manaja Kabiru bayan sallar Juma'a, ya ja shi gefe ya ce in za a sayar da motocin kamfani a tuna da shi.

Litinin da hantsi Manaja ya diro. Ya shigo falo ya tarar da ramuka a bango, kwanoni bakwai a jere a ƙasa, Mista Pita a kan tabarma yana karyawa da ɗumamen tuwo. Ya tsaya a ƙofa bai zauna ba. Ya sa na ba shi labari tun daga farko, na ba shi, ban tsallake laifina ba. Da na gama ya ce shi ba zai ga laifin baƙo ba.

"Shi bai san garin ba. Kai aka haifa a nan. Ajiye mini makullan."

Na ciro su daga aljihu na ajiye masa. Sai Mista Pita ya tashi yana goge hannu, ya ce shirun wata biyu laifina ne, amma maganar Laraba da tampol na gaya masa, maganar sahun marasa ƙarfi ma na gaya masa, shi ne bai ji ba. Manaja ya yi ajiyar zuciya. Ya ce to, in manoma suka kawo shinkafarsu zan zauna da takardar gargaɗi, in ba su kawo ba ni da aikin mun rabu. Sannan ya ce zai tara manoman ya nuna musu takardun banki.

A nan na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi magana ba a tambaye ni ba. Na ce ranka ya daɗe, ba wanda zai yarda da takarda, za su ce ita ma rufin asiri ce. Da ido suka ga fitar kayan, sai sun ga dawowarsu da ido, ran Laraba, ta cikin kasuwa, ba rufi, Madam kuma a gaban mota. Bayan haka maigida ya je da ƙafarsa ya nemi a mayar da shi sahunsa. Manaja ya ciro waya ya kira direba.

Madam ta yarda ta dawo bisa sharaɗin esin ɗakin kwana za a fara kafawa. Manaja ya ƙara da babban talabijin na ofishinsa, aka sa shi a kwali aka ɗora a sama don a ga kamar sabo ne. Larabar nan direba ya ratsa kasuwa yana danna oda, ya kai ƙarshe ya ce ya manta bai sayi goro ba, ya juyo ya sake ratsawa. Madam tana ɗaga wa mutane hannu. Tsohuwa mai daddawa ta rangaɗa guɗa.

Zaman kwamiti bai zo da sauƙi ba. Malam Bulus ya ce a ƙa'ida mutum ba ya fita daga sahu na huɗu da bakinsa, don da yawa kunya ke sa su ce sun warware alhali ba su warware ba. Sai an sami shaidu biyu. Mista Pita ya tsaya gaban benci, hularsa a hannu, ina fassara masa, yana roƙon a taimaka a riƙa karɓar kuɗinsa. Ɗan'azumi mai walda ya miƙe tun kafin a gama tambaya, ya ce shi shaida ne, ya ga talabijin ɗin da idonsa. Shaida na biyu ya ɗauki lokaci. Alhaji Sabo ya yi ta tambaya ko an tabbata ba bashi aka ci aka sayo kayan ba, ko Madam ta dawo da zama ne ko ɗaukar sauran kayanta ta zo yi. Daga ƙarshe ya ce ya gamsu, aka mayar da Bature sahunsa, aka haɗa masa da na watan da gari ya ɗauke. Alhaji ya riƙe hannunsa ya ce a gaya masa bai taɓa ganin wanda Allah ya buɗa wa da sauri haka ba, kuma kar ya manta addu'ar mutanen Kukar Bako ce, masallaci da coci. Na fassara yadda ya faɗa. Mista Pita ya buɗe baki, ya rufe, sannan ya ce na gode.

Cikin mako biyu 'yan ƙwadago suka koma aiki, manoma suka kawo shinkafa sito. Manaja ya mayar mini da makullai ya haɗa da takardar gargaɗi. Tana nan a fayil ɗina. Sau biyu na tambayi akawu ko irin wannan takardar tana da ranar mutuwa, ya ce ba ta da shi.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, baƙo yana zuwa da hankalin ƙasarsu, kuma hankalin nan daidai yake a can. In ka bar shi ya yi aiki da shi a nan don kana tsoron fushinsa, zai wahala, kai ma ka wahala, kuma fushin yana nan yana jiranka. Ka gaya masa yadda gari yake tun ranar da ya ajiye akwati, ko da maganar za ta tona naka kuskuren. Mutanenmu kuma ba mugaye ba ne. Da suka tsawwala masa girmamawa suka nufa, da suka ɗauke masa tausayi suka nufa, a duka biyun ba wanda ya ga dalilin tambayarsa. Aikin mai kula da gida shi ne ya tsaya a tsakani ya yi magana da wuri.

Mista Pita ya ƙara shekara biyu tare da mu, bai sake duba takardar wuta ba, miƙo kuɗin kawai yake yi. Sai dai tun daga lokacin, in wuta ta zo, esi huɗun nan yake kunnawa gaba ɗaya, har na ɗakin da ba kowa, ya fice gona ya bar su suna huci, wai tunda ya biya sai ya sha abinsa. Ni kuma almubazzaranci ba ya bari in zauna. Da motarsa ta sha kwana nake bin ɗakunan ina kashewa, in na ji dirinta da yamma in yi sauri in mayar. Har ya koma ƙasarsu bai sani ba, kuma har yau ina tunanin ko ya kamata in gaya masa.